Singafo da Bukukuwanta: Wai Haka Allah Ya Yi Su?

Duk wanda ya je Singafo ya dawo, ɗan kasuwa ne ko ɗalibin da ya tsallaka daga Malesiya lokacin hutu, da wuya ya gama ba da labari bai kawo wata magana ba. Zai faɗi tsaftar titi da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, sannan ya gangaro kan abin da ya fi ɗaure masa kai: ga masallaci, ga ɗakin bautar Hindu, ga na mabiya Buddha, duk a titi guda, kowa na bikinsa ba mai ɗaga wa wani yatsa. Daga nan sai ya yanke hukunci: "Ai su mutanen can haka Allah ya yi su. Sanyin hali gare su, ba su san faɗan addini ko na ƙabila ba." Wani ya ƙara da cewa addinin ne bai dame su ba, shi ya sa. Masu sauraro su gyaɗa kai, a samu mai cewa mu kam jininmu da zafi.

Masu wannan magana ba maƙaryata ba ne, kuma ba da mugun nufi suke faɗa ba. Yabo ne suke yi, gani kuwa ya kori ji. Abin da idonsu ya gani haka yake. Dalilin da suka ba shi ne ban yarda da shi ba, kuma ina ganin akwai illa a cikinsa, domin wanda ya ɗauka zaman lafiya halitta ce da ake haihuwar wasu da ita a hana wasu, ya riga ya sallami kansa daga aiki.

Mu fara ba su haƙƙinsu. Singafo tsibiri ne da bai wuce murabba'in kilomita 730 da 'yan kai ba, da mutane kusan miliyan 6 a kansa. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 74 cikin ɗari na mazauna Sinawa ne, Malayawa kashi 13 da rabi, Indiyawa kashi 9. Ta fuskar addini babu mai rinjaye: mabiya Buddha kashi 31, Kiristoci kusan 19, Musulmi kusan 16, mabiya Tao kusan 9, Hindu 5, sai kashi 20 da suka ce ba su bin kowane addini. A titin South Bridge, cikin tsakiyar unguwar Sinawa, akwai Masallacin Jamae da Musulmin Tamil daga kudancin Indiya suka kafa tun shekarun 1820. Taku kaɗan gaba sai Sri Mariamman na 1827, ɗakin bautar Hindu mafi tsufa a ƙasar. Gaba kaɗan kuma ga katafaren ɗakin bautar Buddha da aka buɗe a 2007. Cikin minti biyar mai tafiya a ƙasa zai wuce su duka.

Shekarar ma ba ta hutawa. A Janairu ko Fabrairu Sinawa ke shiga sabuwar shekararsu: jajayen fitilu sun rufe sama, ana rawar zaki da ganguna a ƙofar shaguna, mai kai ziyara riƙe da lemo biyu. Da azumi unguwar Geylang Serai kan koma kasuwar dare. Ranar Sallah za ka ga iyali guda, daga kaka har jariri, cikin tufafi launi ɗaya, suna bin gidajen dangi neman gafara, yara na karɓar goron Sallah a cikin koren ambulan, al'adar da Malayawa suka aro daga jan ambulan ɗin Sinawa suka sauya mata launi. Wajen Oktoba ko Nuwamba titin Serangoon ya ɗauki fitilun Deepavali, bikin Hindu, Disamba kuma titin Orchard ya karɓa da na Kirsimeti. Fadar shugaban ƙasa kanta, Istana, tana buɗe ƙofarta ga jama'a a sabuwar shekarar Sinawa da Ƙaramar Sallah da Deepavali. Baƙon da ya ga wannan cikin 'yan kwanaki, ba laifinsa ba ne idan ya ce mutanen nan ba su taɓa saɓawa ba.

Sun saɓa, har an zubar da jini, kuma a ranar biki aka fara.

Ranar 21 ga Yuli, 1964, ranar Mauludi ce. Musulmi kimanin 20,000 suka taru a filin Padang, aka yi jawabai, aka ɗauki hanyar Geylang da zagaye. A wajen Kallang rikici ya ɓarke, kuma har yau ana jayayya kan wanda ya fara. Kafin dare faɗa tsakanin Malayawa da Sinawa ya bazu cikin gari. Aka sa dokar hana fita, ba a ɗage ta ba sai 2 ga Agusta. Mutum 23 suka mutu, 454 suka ji rauni. Ba a gama jimami ba, farkon Satumba aka kashe wani Bamalaye mai tuƙa keken ɗaukar fasinja a Geylang Serai, wuta ta sake tashi, ta ci mutum 13. Tushen abin siyasa ne. A 1963 tsibirin ya shiga tarayyar Malesiya, jam'iyyar UMNO mai mulki a Kuala Lumpur da PAP ta Lee Kuan Yew mai mulkin tsibirin suna takarar zukatan Malayawan Singafo, wasu jaridu na hura wuta. Mai karatu daga Kano ko Kaduna ko Jos ba ya bukatar a fassara masa yadda irin wannan ke tafiya.

Ba shi ne farau ba. A Disamba 1950 kotun Turawa ta yanke hukuncin mayar da wata yarinya 'yar Holan, Maria Hertogh, ga iyayenta 'yan Katolika, bayan ta girma a hannun wata Bamalayiya a matsayin Musulma mai suna Nadra. Jaridu suka buga hotunanta a gidan 'yan zuhudu. Cikin kwana uku aka kashe mutum 18. A 1969 ma, da rikicin 13 ga Mayu ya tashi a Kuala Lumpur, tartsatsinsa ya tsallako ya kashe mutum 4 a Singafo. Waɗannan su ne iyaye da kakannin mutanen da muke yabo da sanyin hali. Jinin bai sauya ba.

Unguwannin da baƙo ke yawon kallo a yau ma, asalinsu rabuwa ce. A tsarin gari na 1822, Baturen mulkin mallaka Stamford Raffles ya ware wa kowace al'umma yankinta: Sinawa kudu da kogi, Malayawa da Larabawa a Kampong Glam kusa da fadar Sarki, Turawa a tsakiya. Hannun da ya zana mana Sabon Gari daban da cikin birni, irinsa ne ya zana wannan. Da aka fitar da Singafo daga Malesiya ranar 9 ga Agusta, 1965, gari ne rababbe, talakawansa cunkushe a ƙauyukan katako, kowa na kallon maƙwabcinsa da tsoro. Wannan ya isa amsa ga mai cewa ƙoshi ne ya kawo zaman lafiyar. An fara ɗaura ɗamarar tun ba a ƙoshi ba.

To, me aka yi? Abin da aka fara taɓawa shi ne bikin kansa. Bayan 1964 aka hana zagayen addini a kan titi. Zagayen Mauludi ya koma cikin masallatai da filaye. Uku kacal aka bari, duka na Hindu, mafi shahara shi ne Thaipusam. Shi ma da sharaɗi. Ana tashi daga ɗakin bautar Sri Srinivasa Perumal a titin Serangoon zuwa Sri Thendayuthapani a titin Tank, tafiyar kusan kilomita 4, a gefen titin da aka killace da shinge, motoci na wucewa ta ɗaya gefen, 'yan sanda da masu sa kai a kowace mahaɗa. Mata ɗauke da tulunan madara a ka. Maza masu cika alwashi ɗauke da wani kejin ƙarfe mai ado da gashin ɗawisu, wanda aka kafa da tsinkayen ƙarfe a fatar ƙirji da baya, wani ma an soke masa kunci da harshe, dangi na biye da shi suna rera waƙoƙin bauta. Wanda ya tsaya bakin shingen ya ga gumin da ke zuba a jikin mutumin nan ba zai sake cewa addini bai dami mutanen Singafo ba. Amma a 1973 aka hana kiɗa a zagayen saboda faɗan da ake yi tsakanin rukunonin makaɗa, kuma Hindu sun shekara sama da 40 suna ƙorafi kafin a sassauta a 2016, a ƙara sassautawa a 2019. A 2015 har kama mutane aka yi kan ganga.

Sinawa, da yawansu da komai, ba su tsira ba. Sabuwar shekararsu ba ta cika sai da wasan wuta mai ƙara, irin wanda ake kunna wa jere ya yi ta fashewa. Gobara da asarar rai suka sa aka haramta shi a 1972. Don rage zafin abin aka ƙirƙiro faretin Chingay a 1973, wanda daga baya sauran al'ummu suka shigo cikinsa. Baƙon da ya ga 'yan rawar Malayawa da Indiyawa a faretin yau zai ɗauka tsohuwar al'ada ce. Diyyar haramci ce.

Hutun gwamnati kuwa ciniki aka yi a kansa. A 1968, da Ingila ta ce za ta kwashe sojojinta, gwamnati ta ga sai an rage ranakun hutu don jawo masu zuba jari, sai ta ce wa kowane addini ya kawo abin da zai sadaukar. Musulmi suka ajiye hutun Mauludi da rana ta biyu ta Ƙaramar Sallah. Kiristoci suka ajiye Asabar da Litinin na Ista. Hindu suka zaɓi Deepavali suka bar Thaipusam. Mabiya Buddha da ke da bikin Vesak kaɗai aka bar musu shi. Yau ranakun hutu 11 ne, kuma duk lokacin da wani ya nemi a dawo da nasa, amsar da ake ba shi ita ce idan aka warware zare ɗaya, kowa zai zo da nasa. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya tambayi kansa: wace al'umma ce a wajenmu za ta yarda a cire mata ranar hutu ba tare da an ji ɗuriyarta ba? Su ma ba da daɗin rai suka yarda ba. Sun yarda ne domin kowa ya ga an taɓa na ɗan uwansa.

Musulmin da ya sauka a Singafo zai lura da wani abu tun asubar farko: gari shiru. Masallatai kusan 70 ne a tsibirin, amma tun shekarun 1970 aka juya lasifikan yawancinsu ciki, kiran salla kuma ana sa shi a gidan rediyon Malayawa sau biyar a rana. Majalisar Addinin Musulunci, MUIS, wadda aka kafa a 1968, ita ke kula da zakka da aikin hajji da shaidar halal, daga ofishin Mufti ake fitar da huɗubar Juma'a, kuma tun 2017 ba mai karantar da addini sai da rajista. A ɗaya hannun, tun 1975 ake cire wani abu daga albashin kowane ma'aikaci Musulmi a zuba a asusun gina masallatai. Da senti 50 a wata aka fara. Da kuɗin aka gina Masallacin Muhajirin a Toa Payoh a 1977, aka bi sababbin unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Kujerun hajjin ƙasar 900 ne a shekara, masu jiran layi dubun-dubata. Mutanen da ke jiran Makka shekara da shekaru ba za a ce addini bai dame su ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Zuciyar al'amarin tana gidajen kwana, inda masu yawon buɗe ido ba sa zuwa. Kusan mutum 8 cikin 10 na mazauna Singafo suna zaune ne a dogayen benayen da hukumar gidaje ta gina, hukumar da aka kafa a 1960. Da aka kwashe mutane daga ƙauyuka aka zuba su a benayen, an cakuɗa su da gangan. Sai dai ɗan Adam da son nasa: da aka fara saye da sayarwa, a hankali Malayawa suka riƙa taruwa a Bedok da Tampines, Sinawa a Hougang da wasu wurare. A 1989 gwamnati ta taka birki da dokar kaso. A bene guda Sinawa ba za su wuce kashi 87 ba, Malayawa kashi 25, Indiyawa da saura kashi 15. Idan kason Sinawa ya cika a benenku, kai Bamalaye mai son sayar da gidanka ba ka da ikon sayar wa Basine, ko nawa ya taya. Dole ka jira ɗan ƙabila marar rinjaye, sau da yawa kuma a farashi mai rauni. Wannan asara ce ta gaske, kuma a kan marasa rinjaye ta fi faɗawa, har sai da hukumar ta fito a 2022 da tsarin sayen gidan da ya ƙi sayuwa. Ribar da aka samu ita ce babu unguwar da za a ce ta wane ce kaɗai. Wanda ya san yadda Kaduna ta rabu gida biyu bayan rikicin 2000, Musulmi suka yi arewacin kogi, Kiristoci suka yi kudu, ya san abin da aka toshe wa hanya.

Mu shiga ɗaya daga cikin benayen nan. Hawan ƙasa ba ɗaki ko ɗaya, an bar shi fili da ginshiƙai, iska na ratsawa, da 'yan teburan siminti inda tsofaffi ke dara. Nan ne zauren kowa. Ranar Lahadi za ka tarar an ɗaure shi da labule masu ado, ango da amarya na Malayawa a kan karaga, samari na kaɗa ƙananan tamburan hannu, manyan tukwanen shinkafa na tururi a gefe, ana ciyar da ɗaruruwan mutane. Mako mai zuwa, a wurin nan dai, akwatin gawar wani tsoho Basine ne a ajiye, kwana uku ko biyar, limaman Tao na kaɗa ƙararrawa, dangi na zaman makoki har tsakar dare. Kowannensu sai ya je ofishin unguwa ya yi rajista ya biya. Idan watan bakwai na Sinawa ya kama, watan da suka yi imani ruhohin matattu na yawo, ana ƙona takardun sadaka a gindin benen, a kafa dandalin waƙa a bar layin kujerun gaba babu kowa, wai na baƙin ɓoye ne. Hayaƙi na hawa, toka na sauka a kan wankin da maƙwabciya Musulma ta shanya a gorar tagarta. Tana jin haushi? Ƙwarai kuwa. Shi ya sa ofishin unguwa ke jera durom-durom na ƙarfe masu murfi, a ce a ciki za a ƙona, ba a kan ciyawa ko bakin hanya ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A jawabinsa na bikin ƙasa na 2009, Firayim Minista na lokacin, Lee Hsien Loong, ya ba da labarin wasu iyalai biyu da suka yi karo a kan fili ɗaya: Malayawa sun riga sun kama wurin don ɗaurin aure, an raba katin gayyata, sai aka yi rasuwa a gidan wasu Sinawa, suka kafa makokinsu a wurin suka ce gawa ba ta tashi. Sai da ɗan majalisar yankin da shugabannin unguwa suka shiga tsakani, masu auren suka haƙura suka matsa bene na kusa, ofishin unguwa ya yafe musu kuɗin wuri. Shugaban gwamnati ya kawo rigimar rumfar biki a jawabin shekara, domin ya san daga irin wannan ake farawa. A 2012 wata ma'aikaciya ta hau Facebook ta zazzaga wa bukukuwan auren Malayawa cin mutunci saboda hayaniya. Washegari ta rasa aikinta.

A rumfunan abinci, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2020, mai sayar da naman alade da mai sayar da abincin halal suna ƙarƙashin rufi ɗaya, masu ci suna tebur ɗaya. Baƙo zai ga haka ya ce ka ga rashin damuwa. Ya duba wurin mayar da kwanuka. Kanta biyu ce, ɗaya an rubuta halal, tirensu ma launi daban, kuma Basinen da bai taɓa shiga masallaci ba ya san inda zai ajiye nasa. Damuwa ce ta kai damuwa har aka yi mata kanta.

Akwai masu cewa, to ai ka ƙarfafa wata maganar ce: tsoron hukuma ne kawai. Wannan ya fi maganar sanyin hali kusa da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba, sandar tana da nauyi. Dokar kiyaye jituwar addinai ta 1990 ta ba minista ikon rufe bakin duk malami ko fasto da ya ga yana tunzura jama'a. An ɗaure matasa kan abin da suka wallafa a intanet. A 2017 an hana Mufti Isma'il Menk, wanda da yawa daga cikinmu ke sauraro, shiga ƙasar, hukuma ta ce koyarwarsa ta hana taya waɗanda ba Musulmi ba murnar bukukuwansu tana raba kan jama'a. Mutum na iya ganin an yi masa rashin adalci, kuma da yawa sun ga haka. Amma a wannan shekarar dai an hana wasu masu wa'azin Kirista biyu daga waje, saboda kalamansu a kan Musulunci da addinin Buddha. A farkon 2021 aka sanar da tsare wani yaro Kirista ɗan shekara 16 da ya shirya kai hari masallatai biyu, kamar yadda aka tsare 'yan ƙungiyar Jemaah Islamiyah a 2001. Ƙasashe da yawa suna da sanda. Abin da ya bambanta wannan shi ne jama'a sun ga tana sauka a kowane ɓangare.

Sanda kaɗai kuma ba ta bayyana abin da ya faru a 2011 ba. Labari ya fito cewa wasu sababbin baƙi daga Sin sun kai ƙarar maƙwabtansu Indiyawa wurin masu sulhu saboda ƙamshin miyar kori, aka daidaita a kan Indiyawan su riƙa dafawa in maƙwabtan ba sa gida. Gari ya ɗauka. Dubun-dubatar 'yan ƙasa, har da Sinawa, suka sa rana guda a Agusta kowa ya ɗora tukunyar kori a gidansa don nuna goyon baya ga Indiyawan. Ba hukuma ce ta sa su ba. Idan wannan ne masu maganar sanyin hali ke nufi, to na yarda akwai hali. Amma hali ne da aka rena, shekara 50 ana ba shi ruwa: a makaranta ɗaya, a lif ɗaya, a barikin soja inda kowane saurayi ɗan ƙasa ke yin shekara biyu kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ƙabilarsa ba.

Kada kuma yabo ya rufe mana ido, tsugune ba ta ƙare ba. A 2002 an dakatar da 'yan mata ƙanana daga makarantar firamare saboda ɗankwalin hijabi, kuma har yau ba a sa shi a makarantun gwamnati, haka a kakin soja da na 'yan sanda. Ma'aikatan jinya sai a Nuwamba 2021 aka yarje musu, alhali tun 2017 shugabar ƙasar ta lokacin, Halimah Yacob, da hijabinta take aiki a Istana. Ita ma ta hau ne a zaɓen da aka keɓe wa Malayawa, ba ta da abokin takara, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Indiyawa da Malayawa na kukan masu gidajen haya da ke ƙin su, da tallan aikin da ke neman mai jin Sinanci. Ma'aikatan gini daga Bangladesh da Indiya, waɗanda su ke ɗaura fitilun bukukuwan nan, suna kwana a ɗakunan kwana na bayan gari, ba sa cikin lissafin kaso. A Disamba 2013, da wata bas ta take ɗaya daga cikinsu a unguwar Indiyawa, kimanin mutum 300 suka ƙona motocin 'yan sanda. Kwamitin bincike ya ce ba rikicin ƙabila ba ne, amma abin ya tuna wa masu ƙoshin cewa wuta ba ta manta hanya ba.

Ba kuma ina cewa a ɗauko tsarin Singafo a dasa a wani wuri ba. Ƙasa ce birni guda, gwamnati ke da kusan kashi 90 na filayenta, jam'iyya ɗaya ke mulki tun 1959, kuma an sayi natsuwar da wani yanki na 'yancin faɗin albarkacin baki wanda ba kowa zai yarda ya bayar ba. Ni kaina akwai dokokinsu da ba zan so a ɗora mini ba. Raddina a kan abu ɗaya ne: cewa da halinsu aka haife su. Wannan magana tana tauye musu haƙƙi, domin ta shafe gumin waɗanda suka ajiye hutunsu, suka juya lasifikarsu, suka kashe wasan wutarsu, suka sayar da gida da asara. Mu kuma tana ba mu uzurin da ba mu cancanta ba.

Saboda haka, ɗan uwa mai shirin tafiya, ka je ka sha kallo. Ka ci abinci a Geylang Serai da azumi, ka yi salla a Masallacin Sultan, ka ɗaga kai ka ga baƙin zoben da ke gindin ƙubbarsa, wanda aka yi da gindin kwalaben da talakawa suka kawo gudunmawa. Amma ka ware yini guda ka hau jirgin ƙasa zuwa Toa Payoh ko Bedok, ka zauna a gindin bene, ka karanta sanarwar da ke manne a allon ofishin unguwa, ka tambayi wani dattijo inda yake a 1964. Idan tafiyar ta kama a Yuli, ranar 21 ga wata za ka ga 'yan makaranta cikin kayan gargajiya, Basiniya da tufafin Malayawa, Bamalaye da na Indiyawa. Tun 1997 ake yin haka a makarantun ƙasar kowace shekara, kuma darasin ranar shi ne rikicin da ya tashi daga zagayen Mauludi ya ci mutum 23.